Alhaji Na-gane da Ƙwarya Mai Taya

Duk faɗin Dutse, kai har ka dangana da Ringim, babu mutumin da Allah ya hore wa baiwar sauraro kamar Alhaji Zuhairu Mailafiya. Wannan ba zancena ba ne, shi da bakinsa ya sha faɗa, kuma mai irin matsayinsa ba zai yi wa kansa ƙarya ba. Sauran mutane sai ka gama magana sannan su fahimce ka. Alhaji Zuhairu kuwa, kana buɗe baki ya riga ya san abin da za ka ce, da wanda ya kamata ka ce, har da wanda kai kanka ba ka san kana nufi ba. Sai ya ɗaga maka hannu cikin tausayi ya ce, "Na gane, na gane," ya hutar da kai wahalar ƙarasawa. Saboda tsabar godiya ma'aikatansa suka laƙaba masa Alhaji Na-gane. A bayan idonsa suke kiran sa haka, don kada yabon ya yi masa yawa.

Shi ne manajan Kamfanin Mailafiya, inda ake ƙera tukwane da bokitai da murhun gawayi. Marigayi mahaifinsu ne ya kafa wurin, kuma yayarsa Hajiya Mashkura ce ke riƙe da shi, mace mai ƙarancin magana da yawan kallo. Masu hassada suna cewa ta ba shi manaja ne don ya daina zuwa gidanta kullum da shawarwari. Mu dai ba mu yarda da zancen mahassada ba. Abin da muka sani shi ne, tare da muƙamin akwai kujera, baƙa, ta fata, mai juyawa. Kai, wannan kujera ta ga gata! Da hannunsa yake goge ta kowace safiya. In ya zauna ya juya dama ya juya hagu, har wani lumshe ido yake yi. Ko baƙo ya zo daga nesa, gara ya ba shi abincinsa da ya bar shi ya ɗosana a kanta.

Ana nan sai roba ta cinye kasuwa. Bokitin roba, bahon roba, har da kwanon roba mai hoton fure. Tukwanen Mailafiya suka taru a sito, maƙera suka koma zaman gindin darbejiya suna korar ƙuda. Ranar wata Litinin, farkon damina, Hajiya Mashkura ta shigo ofis ba ta ko zauna ba.

"Zuhairu," in ji ta, "mutum goma sha biyu ne ke cin abinci a wurin nan, kowanne da iyalinsa. Ka fito mana da sabon abu da mutane za su ɗauka kafin a gama girbi. In ba haka ba, ka tashi daga kan kujerar nan in nemi wanda zai iya."

Tarihi ya nuna wannan ne karo na farko da Alhaji ya bar wani ya kai ƙarshen maganarsa. Ba don ladabi ba ne, yawunsa ne ya ƙafe. Ya riƙe hannun kujerar gam, ya ce, "Na gane, Yaya." Wannan kam ya gane da gaske, kuma hankalinsa ya tashi.

Amma babban mutum ba ya daɗewa cikin tashin hankali. Ya nemo wata bita ta kwana uku a wani otal a Abuja, ya tafi. Ya dawo da abu uku: takardar shaida mai zanen zinare, da katin suna mai shuɗin igiya da aka rataya masa a wuya, wanda ya ƙi cirewa, ko ranar Juma'a yana nan a kan babbar riga, sai kuma akwati mai taya, irin wanda ake ja a filin jirgi. Washegari ya tara maƙera a tsakar kamfani, ya sa aka turo masa kujerarsa waje, ya zauna ya yi musu jawabi.

"Jama'a, ku gode wa Allah da ya sa kuna raye kuka ga wannan rana. Zamanin a ƙera abu a kai kasuwa a zauna jiran tsammani ya wuce. Ilimin da na ɗebo ya nuna cewa yanzu da mai saye ake zama, a ji ta bakinsa, a ƙirƙiri abu tare da shi. Sirrin duka sauraro ne. Kuma kun san ni, ba yabon kai ba, a fagen sauraro ban san na biyuna ba."

Malam Ɗayyabu, shugaban maƙera, dattijon da ya yi shekara talatin yana bugun ƙarfe tun zamanin marigayi, ya gyara murya ya ce, "Yallaɓai, ai mahaifinku ma haka yake yi, yakan je kasuwar Shuwarin ya zauna da mata masu..."

"Na gane, Malam Ɗayyabu, na gane. Kana nufin Baba bai samu damar zuwa Abuja ba. Allah ya jiƙansa."

Masu sayen da Alhaji ya zaɓa su yi wannan sa'a su ne matan Rugar Modibbo, Fulanin da ke shigowa Dutse kowace safiya a ƙafa, da ƙoren nono a ka. Ya san su farin sani, don ya shekara ashirin yana hango su ta gilashin mota. Bai dai taɓa sayen nononsu ba, saboda cikinsa ya fi sabawa da na kanti. A barandar otal ɗin Abuja, yana jan akwatinsa a kan tayil mai sulɓi, ilhama ta sauko masa: don me baiwar Allah za ta ɗora nono a ka alhali ga taya? Nan take ya zana abin a takardar otal. Tulun ƙarfe mai taya biyu da hannun ja, da ɗan siririn baki a sama, da famfo a gindi, a murɗa nono ya zubo. A jikinsa kuma hoton wanda ya ƙirƙira, yana murmushi. Ya sa masa suna Ƙwaryar Zamani. Kun ga ke nan ya gama ƙirƙirar tun kafin ya sadu da abokan ƙirƙirar, abin da ya rage musu wahala ƙwarai.

Aka aika wa Arɗo Modibbo, shugaban rugar, ya ba da izini. Ranar taro mata goma sha huɗu suka zo, Inna Madina na gabansu, tsohuwa siririya mai tsayi wadda ta yi shekara hamsin tana harkar nono. Suka tarar an shimfiɗa musu tabarmi, an manna ƙananan takardu masu launi a bango, an ajiye wa kowacce biro. Kafin su gama gaisuwa sai ga shinkafa da kaji da lemo mai sanyi. Matan suka sunkuyar da kai, suka ce sun ƙoshi, don cin abinci a gaban baƙin maza ba ɗabi'arsu ba ce. Alhaji ya ce a Abuja ma da abinci ake farawa, ya rantse ba za a buɗe taro ba sai an ci. To, mutum ya rantse a gidansa, yaya za a yi da shi? Suka juya baya suka ci. Ya kuma bi su da turmin atamfa ɗai-ɗai.

A nan fa gizo ya yi saƙarsa. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san cewa mutumin da ya zauna a tabarmarka, ya ci shinkafarka, ya karɓi atamfarka, ba zai ɗaga ido ya ce maka abinka bai yi ba. Balle Bafulatana, wadda filako, wato kunyar nan tasu ta gado, ke hana ta ko cewa tana jin yunwa. Malam Ɗayyabu ya sani. Mai gadi ya sani. Mai kawo lemo ma ya sani. Mutum ɗaya ne bai sani ba, shi ne mai takardar shaida.

Ya buɗe zanen, ya yi bayani na awa ɗaya da rabi. Ya ja akwatinsa daga wannan bango zuwa wancan don su ga yadda taya ke aiki. Sannan ya tsaya, ya harɗe hannu a baya, ya ce, "Iyayena mata, yau ranarku ce. Ni kunne ne kawai. Kada ku ji nauyina, kada ku dubi matsayina ko yawan karatuna. Ku faɗi gaskiya tsakaninku da Allah: wannan abu bai yi kyau ba?"

Inna Madina ta dubi zanen, ta dubi ƙashin kazar da ke gabanta, ta ce, "Madalla, Alhaji."

Sauran ma suka ce madalla, ɗaya bayan ɗaya. Sai Ruwaida, 'yar Inna Madina, matar aure mai ɗan kaifin baki, ta kasa daurewa. Ta ce, "Alhaji, shi dai kindirmo ba ya son jijjiga, kuma hanyarmu duk gargada ce, in aka ja shi a..."

"Na gane! Na gane, ƙanwata! Kun ji ko? Nono ba ya son jijjigar da yake sha a kan mutum. Abin da na hango ke nan tun daga Abuja. A rubuta!"

Ruwaida ta buɗe baki za ta gyara, uwar ta harare ta, ta nuna mata atamfar da ke cinyarta da ido. Ta haɗiye sauran. Alhaji ya bi takardun bango ya rubuta madalla a kan goma sha huɗu da hannunsa, tunda matan ba su taɓa biron ba. Inna Madina dai ta ɓanɓaro ɗaya mai ruwan ɗorawa ta ƙunshe ragowar goronta.

Bayan sun tafi Malam Ɗayyabu ya bi shi ofis. "Yallaɓai, matan nan fa sun ci abincinka."

"Na gane. Sun ci sun ji daɗi. Mata goma sha huɗu, madalla goma sha huɗu, ko a Abuja ba a samun irin wannan sakamako. A fara ƙira."

Aka ƙera guda goma na gwaji. Malam Ɗayyabu ya yi aikinsa tsakani da Allah, yana bugu yana girgiza kai. Alhaji ya tsaya a kan abin da ya fi muhimmanci, wato hoton: sau uku yana mayar da shi wurin mai bugawa saboda hular ba ta zauna daidai ba. Aka loda su a a-kori-kura aka kai ruga, aka ce matan su gwada na wata guda.

Kada wani ya ce Alhaji bai bi sawun kayansa ba. Ya bi. Ranar wata Laraba ya shiga mota ya nufi Rugar Modibbo don ziyarar gani da ido. Ya tafi lafiya lau har inda kwalta ta ƙare. Daga nan ya leƙa ya ga hanya: duwatsu, kwazazzabai, ga taɓo, ga sawun shanu. Ya dubi takalminsa. Ya sauke gilashi rabi, ya hango bukkoki can nesa tsakanin gero, ya gyaɗa kai sau uku, ya ce wa direba a juya, ya ga abin da yake son gani. Da ya dawo ya rubuta rahoto shafi shida.

Sai ga labari mai daɗi ya fara zuwa. Wai matan ba su dawo da ko ɗaya ba. Wai har rigima ake yi a ruga a kan wadda za ta ja yau. Wai matan wata ruga ta wajen Aujara sun aiko suna tambaya. Tabɗi! Alhaji ya kumbura har hularsa ta matse shi. Ya juya a kujera sau bakwai a jere. Ya lura kuma Malam Ɗayyabu ya tsiri hawa babur kowace Juma'a bayan an sauko masallaci ya nufi ruga, ya dawo da la'asar sakaliya yana ƙamshin man shanu, ya shige bayan sito yana ƙwanƙwasa wani abu. Alhaji ya gane nan take: tsohon yana zuwa ne ya ɗan lashi yabon da ake yi wa maigidansa. Ya yi masa uzuri, don ba kowa ke jure zama kusa da ɗaukaka ba.

Aka sa ranar ƙaddamarwa, gero na tsaye a gona ana shirin yanka. Aka kafa rumfuna a ƙofar kamfani, aka ɗauko lasifika. Babban baƙo shi ne Alhaji Sadisu, dilan kayan ƙarfe daga Ringim, wanda in ya ce zai ɗauki kaya to sun shiga kasuwanni bakwai. Arɗo Modibbo ya zo da sandarsa. Hajiya Mashkura ta zauna a gefe cikin mata. Aka fito da kujera mai juyawa aka ɗora a kan dandamali. Tun ana gobe taron Alhaji ya aika ruga cewa a cika Ƙwaryar Zamani ɗaya da kindirmo mai kyau, a jawo ta tun daga can har wurin taro, don duniya ta shaida.

Da hantsi matan suka iso a jere. Kowacce da ƙwaryarta ta gado a ka, a kan gammo, an rufe da faifai, yadda kakanninsu suka saba. A bayansu kuma suna jan tulunan Alhaji, ƙarar-ƙarar-ƙarar. Alhaji ya ɗan yamutsa fuska da ya ga ƙoren, amma ya gane: nonon ne ya yi yawa saboda albarkar fasaha. Ya ƙara yamutsa ta da ya ga an kankare hotonsa daga jikin tulunan, saura hula da kunne ɗaya. Wannan ma ya gane: yawan shafawa ne na ƙauna.

Aka raba abinci, shinkafa da kaji kamar wancan karo. Inna Madina ta karɓi nata da hannu biyu, ta ajiye a gabanta, ta ɗauki faifai ta rufe.

Alhaji ya karɓi lasifika. "Manyan baƙi, yau Dutse ta shiga sahun manyan biranen duniya. Abin da za ku gani ba aikina ba ne ni kaɗai, ko da yake ni na hango shi, ni na zana shi, ni na raɗa masa suna. Na sauko daga matsayina, na zauna da talakawan Allah, na saurare su da kunnen basira. Na taka har rugarsu. Na ji kukansu tun kafin su yi shi. Daga yau an 'yantar da kan Bafulatana daga ƙwarya! Alhaji Sadisu, bisimilla, matso da kofi."

Alhaji Sadisu ya tara kofin gilashi a bakin famfo. Alhaji Zuhairu ya naɗe hannun shaddarsa fara ƙal, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya murɗa.

Shiru.

Ya ƙara murɗawa. Ko ɗigo. Ya yi murmushi ya ce wa jama'a fasaha tana son haƙuri. Ya karkata tulun, ya bubbuga shi, ya girgiza shi. Wani abu ya yi ƙulu-ƙulu a ciki, amma famfo ya ce bai san zance ba. Gumi ya tsattsafo wa Alhaji. Ya saci kallon yayarsa, ya ga ita ba tulun take kallo ba, kujerar take kallo. Ya durƙusa, shi da shaddar da katin wuyan, ya sa baki ya hura famfon. Ya ce a miƙo masa tsinken tsintsiya. Ya zura, ya soka, ya jujjuya.

Ai kuwa famfo ya amsa. Wani dunƙulen abu rawaya ya fito fit, ya manne a katin sunansa, ruwan nono tsararo ya biyo baya da gudu, tun daga ƙirjin shadda har cikin takalmi. Alhaji Sadisu ya yi tsalle baya da kofinsa fanko. Wata mata ta ce, "La ilaha, man shanu ne!" Aka fara dariya ƙasa-ƙasa, daga nan ta ɓalle.

Alhaji Zuhairu ya lakato abin da yatsa, ya duba, ya shinshina. Lasifikar tana kusa da bakinsa, don haka har masu shago na tsallaken titi sun ji abin da ya ce a hankali.

"Ban gane ba."

Maƙera goma sha biyu suka dubi juna. Mai gadi ya ce a riƙe ranar, kada a manta.

Sai Inna Madina ta miƙe. Ta ɗaga faifan da ta rufe abinci da shi don kowa ya gani. "Alhaji, ga shinkafarka nan, ban taɓa ba. Ko ruwanka ban sha ba yau. Saboda haka bakina nawa ne, zan yi magana."

"Inna, na ga..."

"Zuhairu," in ji Hajiya Mashkura daga inda take zaune, "bar ta ta kai aya."

Inna Madina ta ce, "Wannan abu naka ba ƙwarya ba ne. Kindirmo ba ya son jijjiga, 'yata ta fara gaya maka ka tare ta. Ranar farko da muka jawo shi, muna isowa gari muka buɗe muka tarar ya tsinke, mai ya taso sama, saura tsala. Luba ga ta nan, kuka ta yi ranar, don masu saye a wurinta kindirmo suke jira. Kuma bakinsa ƙarami ne, ludayi ba ya shiga, balle a dama fura. Famfon kuwa ka ga aikinsa da idonka. Hoton ma mazanmu ne suka ce ba za a ajiye musu wani ƙato yana murmushi a ɗakin matansu ba, muka sa yashi muka goge."

Arɗo Modibbo ya gyaɗa kai, ya ce ƙwarai kuwa.

"Amma da muka kwashe man nan muka duba, sai muka ga ya fi na gora yawa. Aikin da muke yi kullum, mu rungumi gora muna kaɗawa har kafaɗa ta sage, ga shi hanya ta yi mana a banza. Yanzu kindirmon sayarwa yana ka, na mai yana ƙasa, muna isowa gari mai ya haɗu. Shi ya sa muke rububinsa. Alhaji, shekarata hamsin ina nono, ban taɓa ganin wanda bai san nono ba kamarka. Kuma alheri ne, don wanda ya san nono ba zai taɓa tunanin a ja shi a ƙasa ba. Allah ya saka maka."

Jama'a suka ce amin, don addu'a ce, ba a ƙin amsawa.

Hajiya Mashkura ta yi wa Malam Ɗayyabu alama. Ya shiga bayan sito ya jawo wani tulun. Babu famfo, babu hoto. Baki mai faɗi da hannu zai shiga ya kwashe mai ya kuma wanke ciki, murfi mai kama gam, tayoyi manya da za su haye dutse. Ya ce shi bai ƙirƙiri komai ba. Zuwa ya yi rugar ya zauna a tabarmarsu, ya sha furarsu, ya zama shi ne mai jin nauyi, su kuwa bakinsu ya buɗe. Ruwaida ce ta ce a faɗaɗa bakin, Luba ta ce a ƙara tsawon hannun, Inna ta ce kada a kuskura a sa wa tayoyin wani abin da zai rage jijjiga. Alhaji Sadisu ya zagaya tulun sau biyu, ya zura hannu ciki, ya ce a fara yi masa na rugagen Ringim kafin kowa.

Alhaji Zuhairu ya miƙe, tsala na ɗiga daga gefen rigarsa. Jarumi ne, ba a raba shi da wannan. Ya jawo lasifika ya ce, "Jama'a, ai abin da nake nufi ke nan tun farko, sai dai na bar su su gano da kansu, kamar yadda aka koya mana a..."

"To famfon fa, Zuhairu?" in ji Hajiya. "Na mene ne?"

Ya dubi famfon. Famfon ya ɗiga sau ɗaya. Inna Madina ta zauna, ta jawo shinkafarta, ta juya baya ta fara ci.

Kada ku ɗauka an wulaƙanta Alhaji. Hajiya Mashkura mace ce mai zumunci, ba ta kore shi ba, ƙarin girma ma ta yi masa. Yanzu shi ne Babban Darakta Mai Kula da Walimar Abokan Ƙirƙira, an buga masa sabon katin wuya da muƙamin, layi biyu. Maƙera sun bar gindin darbejiya, bugun ƙarfe ya dawo tun daga safe. Duk ranar Alhamis ta ƙarshen wata masu saye suna zuwa a zauna, wannan wata matan ruga, wata mai zuwa masu tuyar awara, na gaba masu shayi. Doka ɗaya Hajiya ta kafa: magana tukuna, abinci daga baya, kuma mai abinci ba ya shiga sai an gama.

Kujerar ma tana nan. An kai ta ɗakin taro, duk wanda zai yi magana a kanta yake zama. Inna Madina ta ce juyawar tana sa ta jiri, Malam Ɗayyabu ya ɗauko na'urar walda ya tsayar da ita wuri ɗaya.

In ka bi ta ƙofar kamfanin ranar taro za ka gan shi a baranda, cikin shadda, tsaye kusa da kulolin shinkafa, ya kara kunne a jikin ƙofa. Mata na ciki suna faɗin abin da bai yi musu ba, ɗaya bayan ɗaya, wata ma ta maimaita sau biyu. Ba ya tari, ba ya ɗaga hannu. Yanzu kam Alhaji Na-gane yana sauraron kowa har ƙarshe, don sai ya ji an yi shiru yake sanin lokacin shigo da shinkafa ya yi.